Maɓallin Kaifi

Ɗakin da Bahago ke kira situdiyo, matarsa sito take ce masa, kuma ita ce da gaskiya. Ba taga, ba fanka, in ya ware hannuwansa sai ya taɓa bango biyu. Buhun ƙyallayen ɗinkinta na nan a kusurwa, tsohon keken 'yan biyunsu na rataye a ƙusa, bangon kuma ya bi shi da kiret ɗin ƙwai wai don kada sauti ya fita. Sautin ma ina ya ga hanyar fita? Tun shekarar da suka tare a gidan benen, maƙwabcin sama ya yi ta saukowa yana huci yana buga ƙofa, har Bahago ya gaji ya rabu da amfilifayarsa, na'urar ƙara wa jita ƙara, ya koma hedifon. Tun daga lokacin duk kiɗan da zai yi a gida tsakaninsa da kunnuwansa ne.

Abin da ya maye gurbin amfilifayar wani ɗan akwati ne da ake ajiyewa a ƙasa a taka da ƙafa. Ka soka masa wayar jita, shi kuma ya kwaikwayi muryar manyan amfilifayoyin da talaka ba zai iya ɗauka ba, balle saya. Fentinsa ya goge a inda ake takawa, amma bai taɓa ba Bahago kunya ba. Da shi yake kiɗa a ƙungiyar Oga, mai buga kibod, wadda ke nishaɗantar da baƙi a ɗakin cin abinci na wani otal duk yammacin Asabar da Lahadi. Da wannan aikin da keken ɗinkin Maman 'yan biyu gidan ke tsaye.

Ran nan bayan an tashi daga gwaji, Oga ya ja shi gefe. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗo kan maganar. Manajan otal ne ya yi ƙorafi. Wai teburan da ke kusa da lasifika ba mai son zama a kansu, har wata mata ta toshe wa ɗanta kunne ta nemi a canza musu wuri.

"Hannunka kam ba wanda ya kai shi, wannan ba gardama," in ji Oga. "Amma jitarka yanka kunne take yi. Ka gyara ta kafin Asabar ta sama, in ba haka ba dole in sa wani a wurinka. Ba a son raina ba."

Maganar ta yi wa Bahago ciwo, amma ba ta zo masa a bazata ba, don shi ma ya daɗe ba ya jin daɗin sautinsa. Sai dai shi a nasa kunnen ba yanka take yi ba, a toshe yake jin ta, kamar an lulluɓe lasifikar da bargo. Mutane na cewa ta yi kaifi, shi yana cewa ta dushe, duk dai an yarda sautin ba shi da kyau. To laifin wa ke nan? Bahago bai wahalar da kansa ba wajen neman mai laifi, ga shi nan kwance a gaban ƙafarsa. Akwatin ne ya tsufa, ƙwaƙwalwarsa ta yi ƙarami, ba ya iya ɗaukar aikin zamani.

Dama can ya daɗe da ƙyalla ido a kan babban yayan akwatin nan, wanda ke shagon kayan kiɗa na bakin titi. Shi wannan yana iya ɗaukar amfilifaya biyu lokaci guda, ga gilashi da ake latsawa da yatsa, ga muryoyi ba adadi. Bahago ya kalli bidiyonsa a waya har ya haddace. A mota yana kallo, kan abinci yana kallo, wasu mutane masu gemu suna kaɗa jita ido a rufe suna gyaɗa kai sai ka ce an sanya musu zuma a baki. In ya gama kallo sai ya ji lallai gobe zai saya. In gari ya waye kuma sai ya tuna cewa kafin babban akwatin ya zama nasa, dole ya miƙa ƙaramin, ya haɗa da jar jitarsa, wadda ya fara kiɗa da ita, ga samun jitar bahago ba abu ne mai sauƙi ba. Sai ya fasa, ya koma sito ya rufe ƙofa yana murɗe-murɗe, ya fito ya sake kunna bidiyo. Haka ya yi ta zagaye wuri guda ba ya gaba ba ya baya, ga Asabar tana matsowa.

Da ya nemi shawarar Maman 'yan biyu, ba ta hana shi ba. Ta ce in babban akwatin ne zai fito da shi daga wannan ramin ya zauna cikin mutane, to ya saya ko da jita biyu ne. Ta ajiye almakashi ta ce akwai kuma wata magana da take so su yi, amma kafin ta buɗe baki ya riga ya ɗora hedifon a ka. 'Yan biyun kansu sun daina kiransa daga nesa, sai dai su zo su taɓa masa kafaɗa, ko da hedifon ko babu. Shi kuwa yana ɗauka ladabi ne yaran suka ƙaro.

Da ya ga lokaci na neman ƙure masa, sai ya saɓa jitarsa ya nufi shagon. Wuri ne siriri mai tsawo, jitoci rataye a sama sai mutum ya riƙa sunkuyar da kai. Mai shagon ya san shi tun yana saurayi, don haka bai tsaya yi masa talla ba. Ya jona babban akwatin da lasifika, ya zaɓo ɗaya daga cikin muryoyin da aka shirya tun daga kamfani, ya ce ya kaɗa ya ji abin da ake kira sauti. Bahago ya kaɗa. Mai shago ya lumshe ido kamar masu gemun bidiyo. Bahago ya yamutsa fuska ya ce ai wannan ma a toshe yake. Ya durƙusa ya lalubo inda ake ƙara kaifin sauti, ya ƙara, ya kaɗa, ya sake ƙarawa. Mai shago ya buɗe idonsa. Can sai ya tuna yana da abin dubawa a bakin ƙofa, ya je ya tsaya yana kallon motoci. Da ya dawo ya ce kowane makaɗi da irin yadda yake son abinsa. Ya ce ya tafi da akwatin gida ya gwada shi a tsanake zuwa Juma'a. In ya yi masa, ya kawo ƙaramin da jar jitar, in bai yi ba ya dawo da kayan mutane.

Kwanakin da suka biyo baya ba a ga Bahago a falo ba sai in zai ci abinci. Yana cikin sito, gumi na bin bayansa, gilashin akwatin ne kawai ke haska wurin. Duk amfilifayar da ya buɗe sai ya ji ta da bargon nan a kanta. Amma shi babban akwati ba ya hana mutum abin da ya nema. Ƙaramin akwatin, maɓallin kaifi guda ne da shi, in ka murɗa ya kai ƙarshe shi ke nan. Wannan kuwa ko'ina akwai wurin ƙarawa: a jikin amfilifayar, a jikin lasifikar da yake kwaikwaya, a inda ake cewa an kafa makirufo, da wasu wuraren da Bahago bai ma san sunansu ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ƙure, ya ƙara ƙarar hedifon a kai. Ana nan sai ga ta. Jitarsa ta fito tar, kowace tsirkiya da muryarta, yadda yake jin ta lokacin da gashin kansa ke cike. Ya yi ta kaɗawa har idonsa ya kawo ruwa. Ya fito a jiƙe sharkaf ya gaya wa matarsa cewa ya samo sautinsa, gobe Oga zai ba shi haƙuri.

Ranar Alhamis suke gwaji, a wani ɗaki da ke bayan kicin ɗin otal, inda ake tara kujerun da suka karye. Bahago ya shimfiɗa babban akwatin a tsakiya don kowa ya gani. Gajere mai ganga, abokinsa tun farkon ƙungiyar, ya zagaya shi yana cewa yau an kawo musu jirgin sama. Aka ƙirga, aka shiga waƙa, Bahago ya taka ya kaɗa. Mawaƙiyarsu ta janye daga makirufo ta dafe kunne. Gajere ya tsaya da sanda a sama. Oga ya ɗauke hannu daga kibod, ya ce a hankali wannan ai ya fi na da muni.

Nan fa Bahago ya hau. Ya ce lasifikarsu ce ta fashe, ya ce ɗakin ne ke mayar da amo, har ya ce kunnen Oga ne ya tsufa, maganar da ya yi nadamarta tun kafin ta gama fita. Gajere bai san komai game da akwati ba, amma ya leƙa gilashin ya ga duk layukan sun haye sama sun manne da rufi, ya tambaye shi wa ya ɓata masa rai haka da ya ƙure komai. Ba wanda ya yi dariya. Oga ya rufe kibod ɗinsa ya ce maganar Asabar tana nan, kuma zai gayyato wani mai jita ya zauna kusa ko da za a buƙace shi.

Da akwatin a kafaɗa ya hau benen, yana hutawa a kowane hawa, don nauyinsa ya ninka na ƙaramin. Ya tsaya a ƙofar sito ya ji ba zai iya shiga ba. Me zai je ya murɗa kuma? Ya zube a kujerar falo. La'asar ce, Maman 'yan biyu na kan keke tana ɗinki, yaran na cikin ɗaki. Ƙofar kicin a buɗe take tana kallonsa, butar shayi na kan wuta, irin mai fito ɗin nan in ruwa ya tafasa. Ya zuba mata ido ba don komai ba, yana kallon tururi na fita da ƙarfi ta bakinta. Matar ta tsayar da keke ta tashi ta sauke ta.

Don ya samu abin cewa, ya ce ashe butar nan ta daina fito, sai a nemi wata.

Ta tsaya da butar a hannu tana kallonsa. Sai ta mayar da ita kan wuta. Tururin ya sake tasowa, ya miƙe siriri. Daga cikin ɗaki ɗaya daga cikin yaran ya leƙo ya ce Mama ga buta can tana ihu.

"Baban 'yan biyu," ta ce, "me kake ji?"

Ya kasa kunne iya ƙarfinsa. Yana jin motoci a ƙasa, yana jin takun maƙwabcin sama, yana jin wani ɗan huci daga kicin. Ya ce huci.

"Fito take yi. Har a matakala ana ji."

Ta kashe wutar ta zo ta zauna kusa da shi, ta gaya masa abin da ta daɗe tana neman faɗa. Tun bara ta lura. Ƙararrawar ƙofa ba ya ji, wayarsa na ringi a aljihunsa sai an nuna masa, yaran in sun yi magana sai ya ce ba sa buɗe baki. Ta taɓa yi masa maganar ya ce mita ce irin tata, hankalinsa ne ke kan aiki, ya shige sito ya ja ƙofa. Ta ce in yana ciki, ita tana nan kan keke tana jin kiɗan da ke tsiyaya daga hedifon ɗinsa, ta cikin ƙofa da kiret ɗin ƙwai da komai, har takan bi waƙar da baki. In ita tana ji daga nan, shi da abin ke manne a kunnensa fa?

Tsoro ne ya kama Bahago, irin wanda bai taɓa ji ba. Duk tsawon watannin nan da yake ganin ya maƙale tsakanin saye da fasawa, ashe a cikin daɗi yake, don muddin laifin na ƙaramin akwati ne to akwai mafita, tana nan a shago a bakin titi. Yanzu bargon da yake ta neman yayewa daga kan lasifika ya gano a cikin kansa yake, kuma duk inda ya je da shi zai je. Har ya raya a ransa ya sayi babban akwatin kawai, ya yi shiru da bakinsa, ya ce wa Oga bai gama koyonsa ba ne. Amma ya san Asabar ba za ta jira wannan ƙaryar ba. Matar ta ce asibiti za su je, ba fashi. Ya ce ya ji, amma ko sun je gobe likita ba zai ba shi sabon kunne kafin jibi ba.

Ita ce ta ce to ya ari nata. Ya fito da ƙaramin akwatin falo, karo na farko da zai yi kiɗa da shi a nan tun da aka saye shi, ya jona shi da 'yar lasifikar da suke jin rediyo da ita, ya sa ƙara daidai yadda maƙwabcin sama ba zai sauko ba. Babban ko buɗe shi bai yi ba, ya ce wannan ƙofofin ɓata sun yi masa yawa. Ta juya kujerar ɗinkinta ta ba shi baya, ta ce ya kaɗa mata wadda yake kaɗa mata lokacin da yake zuwa wurinta da jar jitar a baya. Ya kaɗa. Kafaɗunta suka ɗaga. Ta ce ya rage. Ya sunkuya ya murɗa maɓallin kaifi baya kaɗan. Ta ce ya rage. Ya rage. Ta ce ya ƙara ragewa. Duk murɗawa ɗaya sai ya ji jitar ta ƙara yin nisa da shi, tsirkiyoyin suna narkewa cikin juna, har ya zama yatsunsa ne kawai ke gaya masa inda yake a waƙar. Ya ce ai babu abin da ya saura.

"Ci gaba da kaɗawa," ta ce. Can sai kafaɗunta suka sauka. "Nan. Tsaya nan. Wannan ce jitar da na sani."

Ya duba maɓallin, ko tsakiya bai kai ba. 'Yan biyun sun fito sun tsaya a bakin ƙofa suna saurare, rabonsu da jin kiɗan ubansu a fili har sun manta. Matar ta jawo salatif daga durowar keke, ta yanko da almakashin ɗinki, ta durƙusa ta manne maɓallin da jikin akwatin, ta sake gicciya wani a kai. Ta san mijinta.

Ranar Juma'a ya mayar da babban akwatin. Mai shago ya tambaye shi ko bai yi masa ba ne. Bahago ya ce akwatin ba shi da laifi. Mai shagon ya karɓa ya shiga goge gilashin da tsumma, bai ɗago ido ba, bai kuma ƙara tambaya ba, abin da ya nuna wa Bahago cewa shi ma ya sani tun ranar da ya gwada akwatin a shagon.

Yammacin Asabar ɗakin cin abincin ya cika. Mai jitar da Oga ya gayyato na zaune a teburin gefe da jakar jitarsa tsakanin gwiwoyi, yana shan lemo. Oga ya kalli ƙaramin akwatin da salatif ɗinsa, ya kalli Bahago, ya ƙirga. Bahago yana jin ganga a ƙirjinsa, yana jin kibod, yana jin mawaƙiya. Tasa jitar kuwa kamar rediyon maƙwabci ta bayan bango. Ya bi yatsunsa ya kaɗa. Ba a gama waƙar farko ba Oga ya waiwayo ya gyaɗa masa kai. Wasu mata da miji suka zo suka zauna a teburin da ke gaban lasifika, ba su nemi canji ba.

A waƙa ta uku ne aka zo inda kowa ke janyewa a bar jita ita kaɗai, wurin da Bahago ya fi so a duk aikin. Bai san lokacin da ya sunkuya ba, hannun ya saba. Yatsansa ya sauka a kan salatif. Ya tsaya a sunkuye. Ba wani ƙarfi ne da salatif ɗin ba, farce ɗaya ya isa, murɗawa ɗaya zai sake jin kansa tar kamar ranar nan a sito. Gajere na ta jan gangar yana jiransa. Bahago ya miƙe, ya kafa idonsa a fuskar Oga, ya shiga kaɗawa, yana karanta a fuskar ko yana kan hanya. Da ya kai ƙarshe mutane suka tafa, har da mai jitar teburin gefe.

Bayan an tashi, Oga ya dafa kafaɗarsa ya ce yau ya dawo, gobe ma haka yake so. Bahago ya ce in Allah ya yarda. Ya durƙusa yana zare wayoyi, Gajere na kusa yana kwance gangunansa. Tun da suke tare Bahago bai taɓa tambayar wani mahaluki yadda kiɗansa ya yi ba, shi yake gaya wa mutane. Ya daɗe yana naɗe waya guda kafin ya yi magana, kuma bai ɗago kai ba.

"Gajere. Wurin nan da aka bar ni ni kaɗai, ya yi daɗi?"

Gajere ya yi dariya, ya zaci neman yabo ne. Da ya ga fuskar abokinsa sai ya daina. Ya ce ya yi daɗi ƙwarai, rabon da ya ji irinsa an daɗe.

Bahago ya ce to. Ya danne bakin salatif ɗin da ya ɗan ɗaga, ya sa akwatin a jaka.